Kek Ɗin da Ya Sa Anko

Na manta abubuwa da yawa a duniya, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Malumfashi ba, ranar da na tsaya gaban jama'a da girmana da furfurata ina taunar abin da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sa a baki.

Ni tela ne. Shekara talatin da ɗoriya ina taka keke a wani ɗan shago a Funtua, har bayana ya ranƙwafa, idona ya fara rigima da ramin allura. Boko kuwa aji huɗu na yi na ce a kai kasuwa. Abu ɗaya nake taƙama da shi, shi ne sanin yadi. Ka rufe min ido ka sa min ƙyalle a hannu, zan gaya maka auduga ce ko roba, mai zuba ce ko marar zuba, an taɓa wanke ta ko daga kanti take. A garin auduga aka haife ni, a gonarta na tashi. (Na faɗi wannan ne don ka san daga tsayin da na faɗo.)

Ina da 'ya, Nafisa, ita ce ta uku. Da ta gama sakandare sai ta kama yin kek, a waya ta koya. Ni ban ɗauki abin da daraja ba. A wurina kek burodi ne da ya samu wuri ya yi kwalliya. Na sha gaya mata ta zo ta koyi ɗinki, sana'ar da ba ta lalacewa in an ɗauke wuta. Takan ci gaba da kaɗa ƙwanta.

Wata rana na dawo cin abincin rana, sai na tarar da wani ƙyalle shuɗi shimfiɗe a kan faranti, yana ta sheƙi kamar siliki. Na fara faɗa, wa ke ajiye yadin mutane kusa da tukunyar miya? Nafisa ta yagi gefensa ta jefa a baki ta haɗiye. Na dubi uwarta, uwar ta ci gaba da tankaɗe kamar ba a yi komai ba. Ni kuwa har na fara tunanin malamin da za a kira.

Sai da ta gama dariya ta zaunar da ni ta nuna min. Akwai wata takarda fara, siririya, da sitaci ake yin ta, ana cin ta. Sai garin jelatin, wanda ta ce shi ne irin abin da ke sa romon ƙafar sa ya daskare in ya huce (na tambaya, ta nuna min a jikin kwalin cewa na saniya ne). Ta jiƙa shi da ruwa kaɗan, ta ɗora kofin cikin ruwan zafi ya narke, ta zuba wani ruwa mai kauri da zaƙi-zaƙi wai shi gilisarin, shi ke hana abin bushewa ya karye. Ta ɗiga kalar abinci. Sai ta shafa wa takardar da buroshi, gaba da baya, a kan leda mai santsi, ta bar ta ta sha iska. Da ta bushe ta barbaɗa mata garin sitacin masara don kada ta manne wa hannu, ta ɗago ta. Wallahi takardar nan ta zama yadi. Na lanƙwasa, na murɗa, na saki, ta koma yadda take. Na sa a baki, ta narke.

Matsala ɗaya, yarinyar ta iya yin yadin amma ba ta iya sa shi ba. In ta yafa wa kek, sai ka ce tsumman goge keke aka jefa a kan turmi. Nan ne na yi gyaran murya. Na nuna mata yadda ake tattara, yadda ake bin faɗuwar yadi ba a yi masa dole ba, inda ake ɓoye baki. Ranar har la'asar ban koma shago ba. Tun da aka haife ta, ban taɓa zama da ita a kan aiki ɗaya ba sai ranar, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi.

To, akwai wata Hajiya Uwani a Malumfashi, tsohuwar mai kawo min ɗinki ce. Irin matan nan ne da ba a biki a unguwa sai da su, ita ke faɗin mai girki, mai lalle, mai rumfa, in ta ce wance ba ta iya ba, wance ta gama aiki a garin. Za a aurar da 'yar ƙaninta, ita ce uwar biki, ta kawo min atamfar anko, koriya mai zanen ganye ruwan ɗorawa, in ɗinka mata da 'yan'uwanta. Tana cikin shago Nafisa ta kawo min abinci, hira ta kai ga hira, ta ga hoton kek ɗin a waya. Nan take ta ce nata kek ɗin ma sai ya sa anko, zane a ƙasa, ɗankwali a sama, da ɗauri irin na manyan mata, kuma duk a ci. Dangin ango daga Zariya za su zo, tana so su koma suna ba da labari. Sannan ta dubi Nafisa ta ce in ta fitar da ita kunya, bikin Malumfashi da Kafur ya zama nata, in kuma ta kunyata ta gaban baƙi, ko cincin ba za ta bari a saya a gidanmu ba. Tana murmushi ta faɗa, amma na san matar.

Kwana huɗu yarinyar nan tana fama. Tsakiyar damina ce, iska duk laima. Na farko ya ƙi bushewa, ya manne kamar ƙaro. Na biyu ta rage gilisarin, ya bushe ya tsage. Sai a na uku ya yi. Ta ajiye ragowar atamfar a gabanta, ta riƙa zana ganyen ɗaya bayan ɗaya da ɗan siririn buroshi. Ni na yi wa ɗankwalin ɗauri da hannuna, ya tsaya cas a saman kek kamar matar da ta san mijinta ya sayar da masara da daraja. Muka sa a kwali muka rufe.

Ranar bikin da safe kafin mu fita ta ce, "Baba, rakiya kawai za ka yi min. Don Allah kada ka yi min talla."

Na ce ni yaro ne?

Ƙaramar motar haya muka shiga, kwalin a kan cinyarta. Muna wuce Bakori ruwa ya sauko, direba ya ce a ɗaga gilashi. Mutum bakwai a mota, kowa na numfashi, ga wani a gaba da buhun barkono, motar ta koma kamar madambaci. Na ga Nafisa tana ta duban kwalin, na ce ta kwantar da hankalinta, ɗaurin tela ba ya kwancewa. Da muka isa ta shige cikin gida wajen mata da kwalinta a rufe, ni na tsaya waje wajen maza. Aka ɗaura aure, aka yi addu'a, muka zauna ƙarƙashin rumfa aka kawo waina da miya.

A nan na haɗu da Ɗanlami. Taubashina ne, ɗan kawuna, manomi ne a Dayi, kuma tun muna yara Allah ya ɗora masa aikin hana ni sakewa. Ya tambayi abin da ya kawo ni, ko na biyo ɗinkin da ban gama ba ne in ƙarasa a jikin masu shi. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma sai na ce 'yata ce ta yi kek ɗin bikin, kuma kek ne da ba a taɓa ganin irinsa ba daga nan har Katsina, yana sanye da anko, kuma ankon ma ci ake yi.

Ɗanlami ya ajiye wainarsa ya juya ga mutane. Ya ce jama'a su shaida, tela da bai taɓa faɗin gaskiya ana gobe Sallah ba, yau ya zo da sabon salo, wai ana cin atamfa. Aka yi dariya. Ni kuma na hau bayani, jelatin, gilisarin, takardar sitaci, ina faɗin sunayen kamar ni na ƙirƙiro su. Ina cikin haka wayata ta yi ƙara, na duba, Nafisa ce, na kashe. Ta sake kira, na sake kashewa. Sau uku. (Mutum yana tsakiyar kare mutuncin gidansa, ina shi ina amsa waya.) Na ce wa Ɗanlami gani ya kori ji, mu haɗu bayan la'asar.

Bayan la'asar aka taru a ɗakin taro, maza gefe, mata gefe, ango da amarya a kan kujerunsu, iyayen ango a layin gaba. Aka turo kek a kan tebur. Kai, ni kaina sai da na gyara zama. Zanen ya zauna da tattararsa, ɗankwalin kuwa ya fi yadda na bar shi kyau, ya miƙe, ganyen ya fito raɗau. Na ce a raina iskar Malumfashi ta karɓe shi. Mata suka tashi da wayoyi, ana ta cewa kek ya yi anko. Mai gabatarwa yana ta zuba kirari a lasifika, sai Ɗanlami ya ɗaga murya daga baya ya ce ga uban mai kek nan, ya ce zanen ma abinci ne, a ba shi ya nuna wa baƙi. Mai gabatarwa, da ma irin abin da yake nema ke nan, ya ce Malam Tela ya taso.

Na tashi. Babu wanda ya ja ni, da ƙafata na je, har ina gyara babbar riga.

Tela ba ya rabuwa da ƙaramin almakashi, nawa yana aljihu. Na kama bakin ɗankwalin, inda ya sauko gefe. Yatsuna suka ce min, wannan auduga ce. Shekara talatin ba su taɓa yi min ƙarya ba, amma ranar na ce musu ku yi shiru, ƙwarewar yarinya ce. Na sa almakashi, ya yi wannan ƙarar da yake yi a cikin atamfa mai sitaci, ƙarar da nake ji tun safe har yamma kullum. Kunnena ya ce min, kai, tsaya. Na ce har sautin ta kwaikwayo. Na ɗago ƙyallen, na ga zare siriri yana lilo a bakin yankan. Na ce a raina, har da zare ta yi masa, lallai yarinyar nan ta wuce inda nake zato.

Da ni kaɗai na ci, da da sauƙi. Amma an koya mana ba a cin abu gaban babba ba a miƙa masa ba. Na raba ƙyallen biyu, na je gaban mahaifin ango, wani dattijo fari siriri mai carbi, wanda tun da aka zo ban ji muryarsa ba, na rusuna na ce, "Alhaji, bisimilla, a sa mana albarka." Bawan Allah ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla ya sa a baki. Ni ma na sa nawa.

Abin da na fara ji shi ne turaren wuta. Sai man gashi. Na tauna, na jira ya narke, bai narke ba. Na juya shi ɗaya gefen, na ƙara taunawa. Wayoyi duk a kaina, mai gabatarwa ya kawo lasifika kusa da bakina yana jira. Sai harshena ya taɓo wani abu mai tudu a gefen ƙyallen, ya bi shi a hankali. Kalmasa ce. Kekena yana da wata tsohuwar ɗabi'a, yakan tsallake ɗinki ɗaya nan da can, na kai shi gyara har na gaji. Harshena ya iso daidai wurin tsallaken. Ɗinkina ne nake ci.

Na ɗaga ido. Can bakin ƙofar mata na hango Nafisa ta shigo da wuƙar yanka kek, ta tsaya cak, hannu a baki. Kusa da ita Hajiya Uwani, cikin ankonta riga da zane, amma kanta mayafi ne kawai, babu ɗankwali.

Daga baya na ji yadda aka yi. Zafin motar nan ya kashe ɗankwalin kek, da aka buɗe kwali an tarar ya narke ya kwanta kamar kunnen zomon da ruwa ya doka. Zanen ƙasa bai yi komai ba. Babu lokacin yin wani, sai Hajiya ta cire nata daga kai, aka shimfiɗa takarda a saman kek, aka ɗaura shi a kai don hoto, da niyyar a ɗauke kafin a yanka. Abin da Nafisa take kira ta gaya min ke nan.

Amma a lokacin ban san duk wannan ba. Abin da na sani, in na tofar da ƙyallen nan gaban mutanen Zariya, na ce 'yata maƙaryaciya ce da bakina. Sai na tara yawu, na rufe ido, na haɗiye. Ya tafi rabin hanya ya tsaya yana tunani, na buga ƙirji, ya wuce. Hawaye ya cika min ido. Na matso lasifika na ce, "Akwai daɗi."

Duk ɗakin ya juya ga Alhaji. Dattijon nan har lokacin yana taunawa, a hankali, da haƙuri, kamar mai jan carbi. Can ya ciro hankici, ya kare bakinsa, ya fitar da abin ya naɗe. Ya dube ni da tausayi.

"Malam Tela, kada ka ga laifin yarinya," ya ce. "Haƙorana ne suka tsufa. Wataƙila da an ƙara masa wuta kaɗan."

Sai muryar Hajiya Uwani, ba ta ko buƙaci lasifika ba. "Ɗankwalina ne, Tela. Kai ka ɗinka min shi ranar Talata."

Ban san dariya tana da nauyi ba sai ranar. Ango ya kifa kai a gwiwa, amarya tana girgiza a cikin lulluɓi, Ɗanlami kuwa sai da aka riƙe shi. Wannan duk zan iya ɗauka. Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙananan maganganun da suka biyo baya daga gefen mata, ashe ƙarya ce, ashe atamfa aka yafa wa kek, da ma ina aka taɓa cin zane. Na ga fuskar Hajiya ta fara canzawa. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga ba ni da sauran bakin da za a saurara.

Nafisa ce ta taho, yarinyar da ko baƙo ba ta iya haɗa ido da shi. Ta ɗauke ɗankwalin daga kan kek, ta ninke ta miƙa wa mai shi. Ta durƙusa gaban Alhaji ta ba shi haƙuri, ta faɗi abin da ya faru a mota cikin magana biyu. Sannan ta yagi gefen zanen ƙasa da yatsa, ba almakashi, ta ɗora a faranti ta miƙa masa.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Alhaji ya dubi farantin, ya dube ni, ya ce, "'Yata, ba mahaifinki ya fara."

Na karɓa na sa a baki, ya narke, na buɗe baki na nuna wa jama'a kamar yaron da aka ba magani. Sannan Alhaji ya ɗanɗana. Ya ɗaga gira, ya miƙa hannu a ƙara masa. Shi ke nan, mata suka taso. Kafin a kai ga yanka, an tuɓe kek ɗin nan tas, kowa na son ya ce ya ci anko. Ɗanlami ya ci yanki biyu, ya ce ba laifi, amma shi irin na tela yake so, ya fi riƙe ciki.

Da za mu tafi Hajiya Uwani ta kira mu gefe. Ta miƙo min ɗankwalin da gefensa a gutsure, ta ce in daidaita shi in sake kalmasa, kuma ta auna tsawonsa, ta san abin da ya rage. Ta juya ga Nafisa ta ce akwai biki a Kafur wata mai zuwa, kek biyu take so, a zo da yadin daban a sa a can. Ta ƙara da cewa, "Babanki kuma a bar shi ya huta a gida."

Muka shiga mota, muka yi nisa. Ina kallon masara ta taga, ina jin ƙyallen nan zaune a ƙirjina. Can na ji kujera tana rawa, na waiga, Nafisa ce ta cusa fuska a hijabi tana dariya.

"Baba, ka san yadi ne, me ya sa ka haɗiye?"

Na ce mata yunwa nake ji, wainar ba ta ishe ni ba. Ta buɗe jakarta ta miƙo min ruwan leda, ta riƙe min hular da na cire har muka iso Funtua.

Yau Nafisa ba ta da lokacin kanta, har wasu yara mata take koya wa. Bidiyon da aka ɗauka ranar kuwa ya zaga inda ni ban taɓa zuwa ba. Har yanzu in mata suka kawo ɗinki, sai wata ta tsaya a bakin shago ta tambaya ko na karya kumallo, don ba ta son barin atamfarta wajen mai jin yunwa. Na daina jin haushi, ba ni da ƙarfinsa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Sana'ar da ba taka ba, ko ta ɗanka ce, ka yabe ta daga zaune. In hannunka ya gaya maka abu bakinka ya musa, bi hannun, shi ne ya yi shekara talatin yana aiki, bakin zance kawai ya iya. Yanzu in aka fito da kek a biki, kujerar baya nake nema. In an miƙo min yanka kuma, nakan riƙe shi a hannu ina hira, sai na ga maƙogwaron na kusa da ni ya motsa lafiya.